Kyauta Ɗantsoho, Ina Nan

Litinin, 1 ga Satumba, bayan la'asar

Yau aka kira ni ofishin shugaban sashe, aka turo mini takarda da biro a kanta, aka ce in sa hannu. Ban sa ba.

Bari in rubuta abin tun raina bai huce ba, don in na huce nakan fara nema wa mutane uzuri. Shekara uku ke nan ina koyar da labarin ƙasa a reshen jami'ar nan na Gumel. Bana aka ba ni 'yan ajin ƙarshe, su tamanin da uku, kuma ba yara ba ne. Malaman firamare ne da ma'aikatan ƙaramar hukuma da manoman riɗi, wasunsu sun haife ni. Lacca biyu nake musu a mako, Litinin da Alhamis. To duk wanda ya sha ruwan ƙasar nan ya san Alhamis ta kasuwar Maigatari ce. In na shiga aji ranar, daga ni sai kujeru sai mutum goma sha biyar, su ma jikinsu ne kawai a wurin. Shi ne na raba karatun gida biyu, da yardar jami'a a rubuce: Litinin a aji, Alhamis a waya bayan magariba. Nakan ɗora darasi a manhajar jami'a, kowa ya saurara, ya naɗi muryarsa, ya faɗi sunansa, ya amsa tambaya ɗaya. Muryar ita ce shaidar ya halarta. Daga goma sha biyar muka koma saba'in da tara. Har yabo aka yi mini a taron malamai.

Yanzu kwamfutar babban reshe ta gano wai mutum ashirin da bakwai daga Jamhuriyar Nijar suke shiga manhajar. Masu hankali suka zauna suka fassara: hayar wasu suka yi a ƙetare suna amsa musu. In aka soke musu Alhamis ɗinsu, halartarsu ba ta kai kashi saba'in da biyar ba, ba su ba jarrabawar ranar 22 ga wata. Takardar cewa take ni, Sauda Abdulmuhaimin, na yarda rajistar da na miƙa ba abin dogaro ba ce.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba zan sa hannu a kan ƙarya ba."

Ya ce, "Magana ta riga ta tafi sama, Malama Sauda."

Malama Sauda. A ofis shi ne Farfesa Gudaji. A gida ƙanin Inna ne, kawuna, wanda ya riƙe ni tun rasuwar Baba. Bai ɗago ya dube ni ba har na fita.

Talata, 2 ga Satumba, hantsi

Na je wurin Malam Zulkifli mai kula da kwamfutoci. Mutumin kirki ne, sai dai tsoron takarda ya yi masa yawa. Ya ce shi abin da na'ura ta nuna ya buga.

Na ce, "Ka taɓa wuce Maigatari ka yi arewa?"

Ya ce tun da aka kawo shi daga Kano bai wuce tashar Gumel ba.

Na zauna na yi masa lacca kyauta. Ƙauyukan bakin iyaka, na Maigatari da na Sule Tankarkar, sabis ɗinmu ba ya isa can sai ka hau jigawa ka ɗaga waya sama kamar mai roƙon ruwa. Na Nijar kuwa har ƙuryar ɗaki. Kowa a can yana da layin Nijar, da shi ake cinikin shanu, da shi ake sanar da haihuwa. Na ce ya duba jerin, ko akwai ɗan Gagarawa, da ke nesa da iyaka, ko ɗaya a ciki? Ya duba, babu. Ya sosa ƙeya ya ce, "Gaskiya ne, Malama, amma ni ba a tambaye ni ba."

Laraba, 3 ga Satumba, azahar

An sake aiko masinja da takardar. Yau ma ban sa hannu ba.

Alhamis, 4 ga Satumba, bayan magariba

Sun rufe mini shafina a manhajar. Sai na naɗi darasin na tura zauren ajinmu na waya, wanda ya isa ya zo ya rufe wannan ma. Ban gama ninke sallaya ba muryoyi suka fara shigowa, wani da kukan raguna a bayansa, wata da goyo yana tari.

Ta farko, kamar kullum: "Kyauta Ɗantsoho, ina nan, Malama."

Ban taɓa ganin fuskarta ba. Malamar firamare ce a Tsamiya Uku, arewa da Maigatari. Mijinta direban babbar mota ne, ya rasu a hanya kwana goma kafin a fara zangon nan, ya bar ta da 'ya'ya huɗu da takaba a gidan surukai. Sau biyu tana jinkirta karatu saboda haihuwa, don haka bana ce shekararta ta ƙarshe a rajista. In ba ta zauna wannan jarrabawa ba an goge sunanta, shekara shida sun bi ruwa. Shi ya sa ita kaɗai Litinin ɗinta ma a waya take yi. Ba ta taɓa fashi ba, kuma amsarta ta fi ta masu zama a layin gaba.

Kafin in yi mata haka na nemi izini, an kuma ba ni. Ba zan rubuta inda aka ba ni ba.

Juma'a, 5 ga Satumba, la'asar

Ban je cin tuwon Juma'a gidan Kawu ba. Tun ina aji uku na firamare ban taɓa fashi ba sai da ciwo. Inna ta tafi ita kaɗai a adaidaita. Na ce mata kaina ke ciwo, ta dube ni ta ce, "Allah ya sauwaƙe," irin wadda ake yi wa maƙaryaci.

Litinin, 8 ga Satumba, bayan azahar

Kwamiti. Mutum biyar a dogon tebur, shugabansu wani mai farin gilashi daga babban reshe, sai Farfesa a gefe a matsayin shugaban sashe.

Na je da taswira. Na shimfiɗa musu ita a kan takardunsu, na nuna musu gonar da ake fara kunya a Najeriya a ƙarasa ta a Nijar. Na ce layin nan mutane suka ja shi da biro, sabis ɗin waya bai san da zamansa ba. Mai gilashi ya ce ba lacca suka zo sha ba. Na ce ai da sun sha tun farko da ba mu zauna nan ba. Na san bai kamata in faɗa ba. In aka maimaita zaman zan sake faɗa.

Sai suka zo kan Kyauta. Ba a taɓa ganin ta a aji ba, duk shigarta daga Nijar, maki kuma ta fi kowa. Mai gilashi ya ce ko makaho ya shafa ya san akwai lauje cikin naɗi. Ta zo ta kare kanta. Na ce takaba take yi, sai ranar 20 ga wata za ta fita. Wani dattijo a cikinsu ya ce ai shari'a ta yarda mai takaba ta fita da rana in akwai larura. Na ce gaskiya ne, Allah gafarta Malam, amma surukanta ba su zo wannan babin ba, kuma a gidansu take da marayu huɗu. In ta hau mota zuwa Gumel yau, maganar za ta bi ta har ta bi 'ya'yanta.

"To wa ya ba ki izinin ɗauke mata zuwa aji ranar Litinin? Ina takardar?"

Babu takarda. Mai gilashi ya maimaita tambayar har sau uku. Akwai wanda ya ƙura wa fankar silin ido kamar yau aka fara ƙera fanka.

Na ce, "Ku rubuta ni na yi."

Talata, 9 ga Satumba, da safe

Na ƙona wake. Na ɗora wani, shi ma na ƙona.

Laraba, 10 ga Satumba, la'asar

Sabuwar takarda, kuma wannan ta fi ta farko sharri don ta fi ta hankali.

Malam Ɗalha, shugaban ajin, ya zaga ƙauyuka a babur kwana biyu, ya tattaro layukan wayar mutum ashirin da shida da wasiƙun masu unguwanninsu. Duk an san fuskokinsu a ajin Litinin. Kwamiti ya ce ya gamsu da su. Saura suna ɗaya. In na sa hannu cewa halartar Kyauta Ɗantsoho ba ta inganta ba, an rufe magana, kowa ya shiga jarrabawa, ni ma a yi mini gargaɗi da baki a wuce wurin. In na ƙi, rahoto yana nan a buɗe, kuma muddin yana buɗe duk ashirin da bakwai ɗin suna waje.

Farfesa ya miƙo mini da kansa. Ya rage murya ya ce, "Sauda, a bar kaza cikin gashinta. Kin san abin da ake faɗa tun ranar da aka ɗauke ki aiki a sashen nan."

Na sani. 'Yar gida, an ce, kawunta ya jawo ta. Shekara uku ina jin ta a bayan ƙofa. Ashe shi ma yana ji, kuma ta fi cin sa.

Na ɗauki biron, na mayar na ajiye. Ban sa hannu ba.

Alhamis, 11 ga Satumba, kafin magariba

Malam Ɗalha ya zo gida kai tsaye daga kasuwa, rigarsa duk ƙurar kara. Dillalin dabbobi ne ranar Alhamis, hedimasta sauran kwanaki, gemunsa ya yi fari. Ya ƙi shiga, ya tsuguna a zaure yana juya hularsa.

"Malama, saƙo aka ba ni. Jama'a sun ce a yi haƙuri a dube su. Wani ƙarin girmansa na jiran takardar nan, wani shekarunsa sun ja. Sun ce ba a hana garke shan ruwa saboda saniya ɗaya ta maƙale a baya."

Na ce, "Su nawa suka ce?"

"Goma sha tara."

Na ji kamar an watsa mini ruwan zafi. Mutanen da nake wannan rigima dominsu! Na fara faɗa, na faɗi abin da bai kamata malama ta faɗa a kan ɗalibanta ba. Ya bar ni na gama.

"To na isar da saƙo. Nawa kuma, ni na kawo miki maganar yarinyar nan tun farko, mijinta kuwa da ni aka sa shi a kabari. Ƙauyensu ko rezo ɗin, sabis ɗin Nijar, sai ta matsa jikin taga. In kika sa hannu, Malama, zan ci gaba da zuwa ajinki, amma gaisuwa ta ƙare tsakaninmu."

Bayan ya tafi na zauna ina tunanin goma sha taran nan. Ba miyagu ba ne. Ina jin tsoro ƙwarai, kada taurin kaina ya ci mutum ashirin da shida.

Asabar, 13 ga Satumba, hantsi

Labari ya kai mata. Ta turo murya, a hankali take magana, ina jin tabarya a bayanta.

"Kyauta Ɗantsoho, ina nan, Malama. Na ji abin da ake ciki. Don Allah ki sa musu hannu, kada a ce ta dalilina mutane suka rasa. Wanda ya ɗauke mai gidan nan shi ya rubuta wannan ma. Na yafe." Sannan ta ce, "Sai tambayar shekaranjiya, ban samu na amsa ba, ƙaramin ne ba lafiya. Abin da ya sa rijiyoyinmu suka fi na Gagarawa zurfi..."

Ta amsa har ƙarshe, minti huɗu, ba kuskure. Na yi kuka har Inna ta leƙo.

Na mayar mata da layi ɗaya: ki ci gaba da bita.

Litinin, 15 ga Satumba, azahar

An dakatar da ni, saboda ƙin bin umarni da rashin ladabi ga kwamiti. Kada in taka harabar makaranta sai an neme ni. Na san sa hannun da ke ƙasa. Da wannan hannun aka kama nawa aka koya mini rubuta sunana.

Ban sa hannu ba. Ba kuma zan sa ba.

Talata, 16 ga Satumba, bayan la'asar

Inna ta gan ni a gida da rana tsaka ranar aiki, ta ajiye tsintar shinkafarta ta ce in zauna. Na ba ta labari, na tsallake wuri ɗaya. Inna ba ta yi boko ba, amma ba a tsallake mata wuri.

"Wace yarinya? Mai takabar nan? Ai ina zaune aka yi. Ranar Juma'a ce, yana cin tuwo da miyar kuka, kika ce Kawu ga halin da wata ɗaliba take ciki, ya ce je ki yi mata, ai taimako ne. Har da cewa Allah ya ba ki lada. Shi ne ya manta?"

Na ce, "Inna, maganar gida daban, ta ofis daban."

"Bakin nasa biyu ne?"

Ta sa na lalubo mata lambarsa. Ba ta ambaci jami'a ba ko sau ɗaya. "Gudaji, ɗalibarka ta yi rashin miji wata huɗu, ka je gaisuwa? To gobe ka zo da mota ka kai ni, ni zan fitar da ku kunya." Na jiyo shi yana cewa taro, taro. Ta ce, "Na goya ka ko ban goya ka ba?" Ta miƙo mini wayar ta koma kan shinkafarta.

Laraba, 17 ga Satumba, bayan magariba

Kawu ya zo ƙarfe tara. Inna a gaba, ni a baya, muka wuce Maigatari muka sauka daga kwalta. Gero ya yi kai ko'ina, riɗi ya fara rawaya. Sau biyu mota ta kafe a rairayi. Malam Ɗalha yana gabanmu a babur yana nuna hanya.

Muna hango tsamiyoyin sai wayar Kawu ta yi ƙara. Ya tsaya a gindin bishiya ya ciro, ya sa gilashi, ya daɗe yana kallo. Saƙo ne da Faransanci, ana yi masa barka da zuwa Nijar. A gabanmu kuwa ga allon makarantar firamaren ƙauyen, da sunan ƙaramar hukumar Maigatari ɓaro-ɓaro. Inna ta ce, "Mene ne?" Ya ce ba komai. Ni kuwa na kama bakina da hannu biyu, don gani ya kori ji.

Aka shimfiɗa wa maza tabarma a ƙofar ɗaki. Na so in shiga tare da Inna, sai tsohuwar gidan ta ce ɗakin ya cika da baƙi, in dakata. Na zauna a bakin ƙofa. Labule ne tsakaninmu da ita. Kawu ya yi addu'a mai tsawo, aka shafa. Daga bayan labule aka ce, "Na gode, Allah ya ba da lada." Muryar da nake ji a waya wata huɗu.

Ya kamata a tashi. Amma malami malami ne. Ya gyara zama ya ce, "Ke ce Kyauta? An ce kina karatu. Me ke kawo kwararowar hamada a yankin nan?"

Ta faɗa masa abin da ke littafi. Sannan ta ce amma a nan garin ba daga arewa rairayin ya fara cin gonaki ba, daga inda aka sare gawo ne a yamma, ta auna da igiyar guga shekara uku tana sa 'yan ajinta suna rubutawa. Ya yi mata wata tambayar, ta amsa. Ya yi ta uku, mai wuya, wadda ni ma sai na yi tunani. Ta ce wannan Malama ba ta kai mu ba tukuna, amma ga abin da take zato. Zaton nata daidai ne.

Surukinta ya ce, "Kullum haka take, Alhaji, ita da salula a jikin taga. Mun ce ko karatun nan zai bar ta ta yi jimami."

Kawu ya ce, "Ku bar ta."

Aka kira azahar, baƙi ba su ragu ba, muka taso ban gan ta ba. A hanya Inna tana ta murza tumun da aka ba ta tana ci. Kawu ya sauke mu a ƙofar gida ya wuce.

Alhamis, 18 ga Satumba, magariba

Shiru. Na tura darasin bita. Mutum tamanin da ɗaya suka amsa.

Juma'a, 19 ga Satumba, la'asar

Ƙarfe goma sha ɗaya Malam Ɗalha ya turo hoton allon sanarwa, jerin masu shiga jarrabawa. Na ƙirga da yatsa sau biyu. Tamanin da uku.

Malam Zulkifli ya kira ni yana raɗa, wai jiya Farfesa ya rubuta shafi ɗaya da hannunsa ya kai wa kwamiti, kuma an ga yana kwashe littattafansa daga ofishin shugaban sashe. Bai san abin da ke cikin takardar ba. Ni na sani, izinin nan ne ya amsa cewa shi ya bayar.

Tawa dakatarwar tana nan. Rashin ladabi ba ya cikin abin da aka janye, kuma ba zan ce ƙarya suka yi mini ba.

Na je tuwon Juma'a. Ba mu yi maganar ba. Da ya gama ci ya sa aka kawo mini ragowar kwanonsa, kamar lokacin da nake ƙarama, da tsokar nan a gefe bai taɓa ta ba.

Litinin, 22 ga Satumba, azahar

An hana ni harabar makaranta, ba a hana ni titi ba. Tun bakwai da rabi na ari benci wurin mai ƙosai na zauna daura da ƙofa da rajistata a cinya. Mai gadi ya dube ni, na dube shi, ya juya.

Suna wucewa ina yi musu alama. Masu babur, masu adaidaita, 'yan Gagarawa a motar haya guda. Wasu suka tsuguna suka gaishe ni. Wasu daga cikin goma sha taran suka bi ta ɗaya gefen titi kansu a ƙasa, na kira su da sunansu ɗaya bayan ɗaya na ce Allah ya ba da sa'a, don su san na gani kuma ya wuce.

Tara saura kwata ina da tamanin da biyu. Tara saura goma, tamanin da biyu. Na kira layinta, ba ya shiga, layin Nijar ba ya aiki a Gumel. Sai a lokacin na tuna ko ta zo ban san wadda zan nema ba. Mata suna ta wucewa da hijabi, kowacce na bi ta da ido.

Wata motar Maigatari ta tsaya, aka sauke buhuna biyu da akuya, sannan wata 'yar siririyar mace ta fito, gajeriya, ba ta kai yadda na zana ta a raina ba. Sabon lalle a hannunta, biro biyu a dunƙule. Ta tsaya tana dube-dube, ita ma ba ta san wadda take nema ba. Ta ga rajistar a cinyata. Ta tako a hankali har gabana.

"Kyauta Ɗantsoho," ta ce. "Ina nan, Malama."

Na ce, "Na gan ki. Yi sauri, za a rufe ƙofa."

Ta ruga. Na buɗe rajista na yi mata alama, na rubuta tamanin da uku a ƙasa, na sa hannu.